Yadda Ake Gina Abu Mai Laushi da Hasken Lazer

1. Romon da ya daskare

A lokacin ɗari, in aka sayo ƙafar sa a kasuwar Agiye, akan dafa ta ta daɗe bisa wuta. In aka bar sauran romon cikin kwano ya kwana, da safe sai a tarar ya daskare. Bai yi tauri kamar ƙanƙara ba, amma ko an karkata kwanon ba ya zuba. In aka taɓa shi da yatsa sai ya yi rawa, ya koma yadda yake.

Irin wannan abu masana suna kiransa jel. Akwai shi da yawa cikin gida. Kindirmo, da awara, da farin dafaffen ƙwai, da kunun da ya huce ya kama jikinsa, duk jel ne.

Yawancin abin da ke cikin jel ruwa ne. Farin ƙwai, cikin kashi 100 kusan kashi 90 ruwa ne. To, me ya hana ruwan zuba? Akwai waɗansu zarurruka a ciki, sirara ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Cikin romo mai zafi zarurrukan suna yawo, kowane shi kaɗai. In romo ya huce sai su sarƙe, su ƙulla juna nan da can, su zama raga. Ragar ce ke riƙe ruwan, kamar yadda soso ke riƙe ruwa cikin ƴan ƙofofinsa.

Ƙullin raga iri biyu ne. Na romo ba shi da ƙarfi. In zafi ya kai wajen digiri 35 sai ya kwance, romo ya koma ruwa. Shi ya sa da bazara romo ba ya daskarewa ko ya kwana. Na farin ƙwai kuwa ba ya kwancewa. Ƙwan da aka dafa ba ya komawa ɗanye.

2. Abin da ya sa likitoci suka damu da jel

Jikin mutum ma yawancinsa ruwa ne. Cikin kashi 100 na nauyin babban mutum, wajen kashi 60 ruwa ne. An gina jiki da waɗansu ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, ana ce da su ƙwayoyin halitta. Ba a ganinsu sai da madubin likita. Ƙwayoyin nan suna zaune cikin wata raga mai laushi, mai ruwa, wadda ta yi kama da jel. Babban zaren ragar shi ne ke narkewa daga fata da jijiyoyin ƙafar sa ya shiga romo. In aka tace shi aka busar, sunansa jelatin.

Da ɗari yara kan kewaye wuta suna jin ɗumi. Wani lokaci riga ta kama wuta, ko tafasasshen ruwa ya zube wa yaro. In ƙunar ta yi zurfi, fata ba ta tsirowa da kanta. Sai likita ya yanko fata daga cinyar mai ƙunar ya dasa a wurin. Amma in wuta ta ci rabin jiki, fatar da ta rage ba ta isa.

Haka kuma mai ciwon ƙoda. In ƙodojinsa biyu suka daina aiki, tilas a riƙa wanke masa jini da na'ura sau biyu ko uku kowane mako, ko kuwa wani ya ba shi ƙodarsa guda. An fara dashen ƙoda cikin nasara a birnin Boston na Amurka a shekarar 1954. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara shi a shekarar 2002. Amma ko'ina cikin duniya masu jiran ƙoda sun fi masu bayarwa yawa.

Don haka masana suka yi tunani. Da za a iya gina jel da siffar da ake so, a zaunar da ƙwayoyin halittar mai ciwo a ciki, da sun hayayyafa sun zama nama. Wahalar ita ce jel ba ya sassaƙuwa. Masassaƙi ba ya iya sa masa gizago, maƙeri ba ya iya sa masa guduma. Ko da wuƙa aka yanka shi sai ya lotse. Ana bukatar kayan aikin da zai ba shi siffa ba tare da ya danne shi ba. Wannan kayan aiki shi ne haske.

3. Ƙaro da hasken rana

Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙaro. Daga jikin dakwara yake tsatsowa, ya daskare ƙulu-ƙulu. Ana sa shi cikin tawada don ta kama allo da takarda, ta yi ƙyalli. Tun da daɗewa fatake ke kwasar ƙaro daga ƙasashen bakin hamada, daga Senegal har Sudan, ana kai shi Turai. Can masu buga littattafai da masu ɗaukar hoto suka yi aiki da shi.

A shekarar 1855 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Poitevin ya yi rajistar wata dabara. Ana gauraya ƙaro ko jelatin da wani gishiri mai launin ɓawon lemu, sunansa bikromat. Ana zuba baƙin gari a ciki, a shafa a takarda. Sa'an nan a rufe wani sashe na takardar, a shanya ta a rana. Wurin da haske ya taɓa sai ya taurare, ruwa ba ya wanke shi. Wurin da ke cikin inuwa kuwa, da an zuba ruwa sai ya wanke. Abin da ya rage bisa takarda ya zama hoto. Bikromat guba ne, ba abin wasan yara ba ne.

Wannan ya nuna abu muhimmi: haske yana iya ƙulla zarurruka, kuma wurin da ya sauka kaɗai yake ƙullawa. Sai dai hasken rana ko'ina yake sauka. Ba a iya riƙe shi kamar alƙalami a yi zane da shi. An daɗe kafin a sami hasken da ke yin haka.

4. Mene ne lazer?

In aka haska tocila da dare, hasken yana faɗi yana raguwa. Kafin ya kai ƙarshen gona ya watse. Dalili shi ne hasken tocila gauraye ne na launi iri-iri, kuma kowane sashe nasa yana bin hanyarsa, kamar mutane in kasuwa ta tashi.

Hasken lazer dabam yake. Launinsa ɗaya ne tak. Gaba ɗaya wuri ɗaya ya dosa. Kuma tafiyarsa a daidaice take, kamar sojoji masu ɗaga ƙafa tare, su aje tare. Saboda haka yana fita siriri kamar tsinke, ya yi nisa bai watse ba.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Theodore Maiman ne ya kunna lazer na farko, ran 16 ga watan Mayu na shekarar 1960, a jihar Kaliforniya. Ya ɗauki ɗan guntun jan yaƙutu, ya mai da bakinsa biyu kamar madubi, ya kewaye shi da fitila mai walƙiya. In fitilar ta haska, sai yaƙutun ya fid da jan haske. Hasken yana kai da kawowa tsakanin madubin biyu, kowace tafiya yana tayar da wani haske irinsa. Madubi guda yana barin kaɗan ya fita. Abin da ya fita shi ne lazer.

A shekarar 1969 mutanen da suka sauka bisa wata sun aje wani madubi can. Daga duniya ake harba masa lazer, hasken ya je ya komo cikin daƙiƙa biyu da rabi. Da haka ake auna nisan wata, wanda ya kai wajen kilometir 384 000.

Lazer ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yana cikin na'urar kallon faifan bidiyo. Yana cikin injin buga takardu na shagunan Maraɗi. Likitocin ido suna aiki da shi. Amma injin buga takardu tsawo da faɗi kaɗai yake bugawa. Abin da ake so a nan shi ne a buga abu mai tsawo da faɗi da tudu, wanda za a iya ɗauka a hannu.

5. Gini sahu bisa sahu

Magini ba ya ta da bango gaba ɗaya. Yakan jera tubali sahu guda, ya ɗora wani bisansa, har ɗaki ya tashi. Haka ake gini da haske.

A shekarar 1981 Hideo Kodama na birnin Nagoya a Japan ya bayyana yadda za a taurara wani ruwan roba da haske, sahu bisa sahu. A shekarar 1984 waɗansu Faransawa uku, da wani Ba'amurke mai suna Charles Hull, suka nemi rajistar irin wannan dabara. Hull ya sami tasa a shekarar 1986, ya kafa kamfanin ƙera injunan. Abubuwan da aka fara bugawa masu tauri ne, na roba.

Jel na ƙirar mutum kuwa, Otto Wichterle da Drahoslav Lim na birnin Prag ne suka bayyana shi a shekarar 1960. A ƙarshen 1961 Wichterle ya harhaɗa ɗan inji a gida, da kayan wasan yara da dinamon keke. Da shi ya yi tabarau mai laushi wanda ake mannawa a ƙwayar ido. Wannan ya nuna jiki yana iya zama lafiya da jel.

Saura a haɗa dabarun biyu. Jelatin zalla ba ya yi, don zafin jikin mutum digiri 37 ne, zai narkar da shi kamar romo. A shekarar 2000 masana a birnin Gand na ƙasar Beljik suka bayyana yadda ake maƙala wa zarurrukan jelatin waɗansu ƴan ƙugiyoyi. In ƙugiyoyin suka kama juna, ƙullin ba ya kwancewa, kamar na dafaffen ƙwai.

Ga yadda aikin yake tafiya.

Da fari a haɗa ruwan gini. Abu huɗu ke cikinsa: ruwa mai tsabta, da jelatin mai ƙugiyoyi, da ƙwayoyin halitta masu rai, da ɗan sinadari mai jin haske. Aikin sinadarin ya yi kama da na ruwan tsami wajen yin awara. Mai awara in ta zuba ruwan tsami, madarar tukunya duka ke kamawa, ba ta iya cewa nan ya kama, can ya tsaya ruwa. Sinadarin nan kuwa yana kwance cikin ruwan gini kamar mai barci. Sai inda haske ya taɓa shi yake farkawa, ya sa ƙugiyoyi su kama juna.

Na biyu, a zana siffar abin cikin kwamfuta, a ce kunne. Kwamfuta ta yanyanka zanen fale-fale, kamar yadda ake yanka albasa. Kaurin kowane yanki bai wuce na silin gashin kai ba.

Na uku, a zuba ruwan gini cikin ƴar tasa. Akwai ɗan faranti a ciki, dab da saman ruwan. Ƙananan madubai biyu masu juyawa suna karkata hasken lazer, ɗaya dama da hagu, ɗaya gaba da baya. Hasken ya zana yankin farko. Duk inda ya bi, ruwa ya zama jel, ya kama farantin.

Na huɗu, farantin ya nutse kaɗan, sabon ruwa ya rufe sahun farko. Lazer ya zana yanki na biyu, ya manne da na farko. Haka za a yi ta yi, sau ɗari ko sau dubu. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe a ɗaga farantin, a wanke ruwan da haske bai taɓa ba. Sai a sa abin da aka gina cikin wani ruwa mai abincin ƙwayoyin halitta, a aje shi cikin akwati mai ɗumin digiri 37. Cikin kwanaki da makonni ƙwayoyin suna hayayyafa, suna saƙa ragarsu ta kansu, jelatin kuma yana narkewa a hankali.

6. Waɗansu hanyoyi uku

Hanyar ɗigo. Ana shafa wa gilashi ƙarfe siriri ƙwarai, kamar zinariya, a shafa jel mai ƙwayoyin halitta bisa ƙarfen, a kife gilashin. Lazer ya yi walƙiya ta bayan gilashi. Wurin ya yi zafi nan take, ɗan kumfa ya tashi, ya tunkuɗo ɗigo guda ƙasa. Ana iya sauke dubban ɗigo cikin daƙiƙa ɗaya, kowane a inda aka nufa. Masana a birnin Hanoba na Jamus sun buga ƴar fata ta wannan hanya, suka dasa wa ɓeraye, suka ba da labarin a shekarar 2013. A kusa da birnin Bordo na Faransa, Fabien Guillemot ya kafa kamfanin Poietis a shekarar 2014 don buga fata da lazer.

Hanyar tsakiyar ruwa. In aka riƙe gilashin ƙara girman rubutu a rana, hasken yana taruwa wuri guda. Busasshiyar ciyawa ba ta kamawa sai a daidai wurin nan. Haka ake tara wani irin lazer a tsakiyar ruwan gini. Hasken yana ratsa ruwan bai yi kome ba, sai a ɗan ɗigon da ya taru kaɗai ƙulli ke faruwa. Da wannan ake gina abubuwa mafi ƙanƙanta. Ana auna su da mikron: in aka raba milimetir guda gida 1000, kowane gida mikron ne. A shekarar 2001 Satoshi Kawata da abokan aikinsa na jami'ar Osaka a Japan suka gina gunkin sa na roba, da ƙahonsa da wutsiyarsa. Tsawonsa mikron 10, tsayinsa mikron 7, watau kamar ƙwayar jini guda. Daga baya aka yi aiki da dabarar cikin jel, ana yi wa ƙwayoyin halitta ƴan ɗakuna da ƴan hanyoyi.

Hanyar kwalba mai juyawa. Ana zuba ruwan gini cikin ƴar kwalba, tana juyawa. Lazer yana haska mata hotunan abin ta kowane gefe. Inda hasken kowane gefe ya haɗu ya yi yawa, nan jel ke kamawa. A nan babu sahu, abin gaba ɗaya yake bayyana. A shekarar 2019 masana na birnin Lozan a Suwis da na ƙasar Holan suka buga ƴan gaɓoɓi masu girman santimetir, da ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, cikin abin da bai kai rabin minti ba.

7. Wahalolin aikin

Wahala ta farko ita ce jel garai yake kamar ruwa. Haske kan zarce sahun da ake zanawa, ya toshe ƙofar da aka bari a ƙasa. A shekarar 2019 Jordan Miller na jami'ar Rice a jihar Teksas, da Kelly Stevens ta jami'ar Washinton, da abokan aikinsu suka nuna maganin abin. Suka zuba rawayan launin abinci cikin ruwan gini. Launin yana shanye hasken kafin ya yi zurfi. Cikin launukan da suka gwada har da wanda ake samu daga gangamau. Su da majigi suka yi aiki, amma dabarar ta shafi kowane gini da haske. Da ita suka gina ƴar jaka mai kama da ta huhu, tana kumbura tana motsewa, jini yana bin ƴan hanyoyin da suka kewaye ta yana ɗaukar iska.

Ta biyu, haske mai ƙarfi yana kashe ƙwayoyin halitta. Akwai wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani, shi ne ke ƙona fata. Injunan farko da irinsa suke aiki. Don haka masu buga jel suka karkata ga shuɗin haske wanda ido ke gani, suka nemi sinadaran da ba su da guba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gwada shi ne bitamin B2, wanda ke cikin nono da ƙwai.

Ta uku ita ce babba. Kowace ƙwayar halitta tana bukatar abinci da iska, jini ne ke kai mata. Cikin nama, ƙwayar da ta yi nisan fiye da wajen mikron 200 daga hanyar jini tana mutuwa. Gona kome girmanta, in ruwa bai kai kowace kunya ba, shukar can ba ta rayuwa. Fata siririya ce, shi ya sa ta fi sauƙi. Ƙoda kuwa tana da kauri, kuma akwai ƴan matatai wajen miliyan guda cikin kowace, kowane da hanyoyin jininsa.

8. Inda aka kai

Har yanzu ba a buga cikakkiyar ƙoda, ko zuciya, ko hanta an dasa wa mutum ba. Wanda ya ce an yi, ya wuce gaskiya. Abin da aka samu shi ne ƙananan guntaye: ƴar fata, da ɗan guringuntsi, da ƴan hanyoyin jini. Ana gwada sababbin magunguna a kansu kafin a ba mutane, ana kuma koyon yadda cuta ke cin nama. A shekarar 2022, a Amurka, an dasa wa wata budurwa kunnen da aka buga da ƙwayoyin jikinta. Shi wannan ta bakin allura aka matso jel ɗinsa, ba a yi shi da lazer ba.

Injunan suna da tsada, suna son lantarki marar yankewa da ɗaki mai tsabta ƙwarai. Saboda haka, a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, babban maganin ƙuna shi ne tsaro: a nisanta ƙanana da murhu da tafasasshen ruwa. In ƙuna ta auku, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta wajen minti 20, kada a shafa toka ko ƙasa, a kai yaro likita da sauri.

Hattara

Ana sayar da ƴan fitilun lazer na wasa, masu jan ɗigo ko kore. Kada a haska su a idon mutum ko na dabba. Ido yana tara haske wuri guda kamar gilashin nan, lazer yana iya ƙona cikinsa, kuma wurin ba ya warkewa.

Gwaje-gwaje

Gani ya kori ji. A yi waɗannan tare da malam.

Na 1. Da ɗari, a kawo daskararren romo da dafaffen ƙwai. A sa kowane cikin kwano, a ɗora bisa ruwan zafi. A lura da wanda ya narke da wanda bai narke ba.

Na 2. A jiƙa garin gangamau da ruwan ɗumi, a tace, a shafa wa farar takarda sau biyu. A bar ta ta bushe a inuwa. A ɗora ganyen zogale bisa, a danne da gilashi, a shanya a rana wuni ɗaya ko biyu. A ɗauke ganyen, a duba wurin da ya koɗe da wurin da bai koɗe ba.

Na 3. A yanka dankali fale-fale. A ɗora kowane yanki bisa kwali, a zagaye shi da alƙalami, a yanke. A jera kwalayen bi da bi, wani bisa wani. A gwada siffar da ta fito da ta dankalin.

Abin riƙewa

Jel raga ce ta zarurruka wadda ke riƙe ruwa. Naman jiki ya yi kama da jel, don haka ƙwayoyin halitta suna iya rayuwa cikinsa. Haske yana iya ƙulla zarurruka a wurin da ya sauka. Lazer haske ne siriri mai launi ɗaya, ana iya zane da shi. Da lazer ake gina jel sahu bisa sahu, ko ɗigo-ɗigo, ko cikin kwalba mai juyawa. An buga ƙananan guntayen nama, amma ba a kai ga cikakkiyar gaɓa kamar ƙoda ba.

Sababbin kalmomi

Jel: abu mai laushi, yawancinsa ruwa, amma ba ya zuba. Da faransanci: gel.
Jelatin: zaren da ake samu daga fata da ƙashi in an dafa su. Da faransanci: gélatine.
Ƙwayar halitta: ɗan mitsitsin abu mai rai wanda aka gina jiki da shi. Da faransanci: cellule.
Ƙaro: danƙon da ke fita daga dakwara. Da faransanci: gomme arabique.
Sahu: jeri guda na gini. Da faransanci: couche.
Mikron: kashi 1 cikin 1000 na milimetir.

Tambayoyi

1. A kawo sunan jel huɗu da ake samu cikin gida.
2. Don me romo ke daskarewa da ɗari, amma ba ya daskarewa da bazara?
3. Me ke faruwa ga ƙaro mai bikromat in hasken rana ya taɓa shi?
4. Ta hanyoyi nawa hasken lazer ya bambanta da na tocila? A faɗe su.
5. Waɗanne abubuwa huɗu ke cikin ruwan gini? Mene ne aikin kowane?
6. Ina kamar da ke tsakanin aikin magini da aikin injin buga jel?
7. Don me aka zuba rawayan launi cikin ruwan gini?
8. Me ya sa buga fata ya fi buga ƙoda sauƙi?
9. Me ya kamata a yi wa yaron da ruwan zafi ya ƙona?

Lissafi

1. Tsawon san Osaka mikron 10 ne. In aka jera irinsa kai da wutsiya, nawa za su cika milimetir guda?
2. Ana so a gina abu mai tsayin santimetir 6. Kaurin kowane sahu mikron 50 ne. Sahu nawa za a yi?
3. In kowane sahu yana cin daƙiƙa 10, minti nawa aikin zai ɗauka?
4. Nauyin wani jel giram 200 ne. Kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Giram nawa ne ruwa, giram nawa ne zare?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya tambayi mai yin awara ko mai sayar da kindirmo a unguwarsu abin da take zubawa madara ta kama, da tsawon lokacin da take jira. Ya rubuta amsar cikin layi goma da Hausa, sa'an nan ya taƙaita ta cikin layi uku da faransanci.